Na Abokin Zamana Ne

Maganar Mama Angelina kaɗai ta rage tsakanin Absalom da auren Kezia. Mahaifin yarinyar dattijon ikkilisiya ne a Kaltungo, kuma ya riga ya yanke hukunci: shi bai taɓa ganin yaron ba, ba kuwa zai ba da 'yarsa ga hoton waya ba. Ƙanwarsa Angelina tana Doha, ita ce idonsa, ita ce kunnensa. Ranar da ta kira ta ce yaron kirki ne, ranar za a ce ya turo magabatansa. To, Mama Angelina ba ta san gaggawa ba. Ta tsufa a aikin nas, ta saba auna mutum safe da yamma kafin ta yarda ya warke, haka kuma ta yi ta auna Absalom.

Ta auna shi a majami'a, ta ga shi ke zuwa da wuri ya jera kujeru, shi ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa. Ta bincika a wurin aiki, aka ce mata duk cikin masu gyaran injinan asibiti babu mai haƙurinsa. Ba ya sha, ba ya busawa, ba a taɓa ganinsa da wata ba. Gidansa ne kawai ba ta gani ba, sai ga gasar kofin duniya ta kawo dalili. Gari ya cika ya batse da baƙi, an toshe hanyoyi, zuwa harabar majami'u ya zama jan aiki, sai 'yan zumuntar Hausa suka koma haɗuwa gida-gida ranar Jumma'a. Mama ta dubi Absalom ta saman tabarau ta ce wannan makon a unguwar Muntazah za a yi, a gidansa. Ya ce to, murmushi har kunne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi kuma tasa kazar tana cikin wani kwalin dabino a ƙarƙashin teburin falo.

Kwalin nan tun kullen korona yake. Absalom yana haya ne tare da Muttaka, wani Bayauri mai aikin gadi, mutum mai yawan dariya da son shayi. Ana tsakiyar kulle aka kira Muttaka daga gida aka ce mahaifinsa, Malam Masahudu mai fito, ya rasu. Babu jirgi, babu hanya. Bai ga gawa ba, bai ɗauki makara ba, bai zauna karɓar gaisuwa ba. Ya shige ɗaki ya kwanta yana kallon silin, shayi ya huce a gefensa har ya yi yana. Absalom ya yi rarrashi, ya yi faɗa, ya yi masa addu'a a ɓoye, duk a banza.

A lokacin kuwa wani abokin aikin Absalom ɗan Filifin ya koya masa wani wasa a ɗakin hutu. Ba kati ba ne, ba a kuma sa ko sisi. Mutum ɗaya ne yake zama mai ba da labari, ya shimfiɗa duniya da bakinsa, garuruwa da koguna da dodanni da matsafa, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi. In ka ce za ka tsallake rami ko za ka sari dodo, sai a jefa ɗan lido mai fuskoki da yawa, shi zai nuna ko ka dace. Tatsuniya ce dai, amma wadda masu sauraro ke da bakin magana a cikinta.

Wata rana da la'asar Absalom ya rasa dabara, sai ya zauna a bakin gadon Muttaka ya fara kawai. Ya ce masa yana bakin wani babban kogi, ga mutanen wani ƙauye sun gudo da 'ya'yansu, wani mugun abu yana bin su, suna neman mai ƙetarar da su. Ya tambaye shi ko shi wane ne a wurin. Absalom har ya fara jin kunyar wautarsa. Can sai Muttaka ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wani tsoho ne mai kwale-kwale. Ba ya son surutu, amma ba ya barin kowa a gaɓa."

Ranar Muttaka ya ci abinci. Bayan 'yan kwanaki ya tsinto ɓallin katako a bayan shagunan unguwa, ya zauna da 'yar wuƙa ya sassaƙa tsohon, tsawon yatsa, da malafarsa da filafilinsa da ɗan ƙusumbin da aikin ruwa ya bar masa. Daga nan hannu ya buɗe. Ya sassaƙa dodo mai ƙaho, ya sassaƙa matsafi mai doguwar riga, duk abin da Absalom ya ambata a labari sai ya fito da shi. Kezia ma ta shigo wasan ta waya daga masaukin nas-nas, fuskarta duk shatin takunkumi, ta zaɓi ta zama mai magani mai yawo da sanda. Ita ma aka sassaƙa tata. Maganar gaskiya, a bakin wancan kogin na ƙarya ne soyayyarsu ta tsiro, don a can Absalom ya fara jin yadda take dariya in ta manta da gajiya.

Shi Absalom bai taɓa jin wasan ya raba shi da Allah ba. Ya sha zama ya yi wa kansa shari'a. Babu wanda ake kira, babu wanda ake yi wa yanka, matsafin cikin labari shi ne kullum yake shan kashi. Kakarsa ma da ta haddace littafin waƙoƙi kaf, ai ita ke ba su tatsuniyar dodo a tsakar gida. Ya tsara wannan bayani tsaf a ransa, da farkonsa da ƙarshensa, har yakan maimaita shi a banɗaki yana aski. Abin da bai taɓa yi ba shi ne faɗinsa a gaban wani ɗan zumunta, saboda ya san irin kallon da za a yi masa.

Ya kuma san tarihin Mama Angelina, don takan ba da shi a lokacin shaida. Mahaifinta shi ne mai tsaron tsafin ƙauyensu. Tana ƙarama ta ga abubuwan da har yau ba ta son faɗa, ta kuma ga ranar da tsohon ya karɓi bangaskiya, ya ɗauko kayan nan a ka har filin majami'a. Fasto bai taɓa su ba, ya ce mai abu shi ke sa abinsa a wuta. Tsohon ya zuba su da hannunsa yana kuka. A kan wannan ƙa'ida Mama ta tsaya har Doha. Samari nawa ta tsaya a kansu suka ƙona laya ko zoben tsari a kaskon turaren wuta, ita tana waƙa, ba ta sa hannu. Ba muguwa ba ce. Mace ce da ta ga abin tsoro da idonta, ba ta kuma so ya kusanci 'ya'yan mutane.

Ranar Jumma'a da safe Muttaka ya taya shi shara, ya wanke banɗaki, ya fito da sabuwar dardumarsa ta ɗaki ya shimfiɗa wa baƙi. Ya ce yana da diyuti a Kwanish, titin bakin teku, wurin 'yan kallon ƙwallo, ba zai dawo ba sai bayan magariba, su sake su yi ibadarsu. Yana fita yana tsokana wai a gaishe masa da surukai. Absalom ya ɗauki kwalin ya yi ta zagaye da shi kamar mai neman wurin ajiye jariri. Ɗakinsa ba shi da makulli, na Muttaka a kulle, sai ya kai shi kicin ya ɗora a can saman kabad.

Zumunta ta yi daɗi. Aka yi waƙa ƙasa-ƙasa don kada a dami maƙwabta, aka yi karatu, aka yi wa Najeriya addu'a. Mama ta leƙa ko'ina da ido, ta ga tsafta, ta ga ayar da aka rataye a bango, har ta gyaɗa kai. Kezia tana gefe tana satar kallonsa. Da aka zo shan zoɓon da Mama ta kawo, kofuna suka kasa, sai Alex, wani dogon saurayi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya ce a bari ya duba kicin. Tsawon nan nasa shi ya jawo komai. Ya dawo da kofuna a hannu ɗaya, kwali a ɗayan, yana dariya yana cewa a ga rowar ɗan'uwa Absalom, ya ɓoye dabino a sama don kada baƙi su ci. Ya ajiye a tsakiyar tebur ya ɗaga murfi.

Dodo mai ƙaho ne a sama, kamar da gayya. Wata ta janye ƙafarta daga kusa da teburin. Alex ya ɗauki ɗan lido ɗaya da bakin yatsu ya juya shi, ya ce ai ya san wannan, ya ga masu wa'azi na ƙasashen waje suna gargaɗi a kansa a waya. Wasa ne da ake mai da mutum matsafi, a koya masa kiran aljanu, yara da yawa sun lalace ta hanyarsa. Bai taɓa ganin ana yi ba, amma ya faɗa da ƙarfin wanda aka yi a gabansa.

Mama Angelina ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka juye kwalin a kan jarida, ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta daɗe tana kallon 'yan mutum-mutumin. Absalom ya dubi fuskarta, ya gane ba fushi take yi ba, tsoro ne na tun ƙuruciya ya taso mata. Sannan ta juyo.

"Absalom, ɗana. Na wane ne waɗannan?"

Ga ranar bayanin nan da ya daɗe yana tsarawa ta zo. Ya buɗe baki, ya nemi farkonsa ya rasa. Abin da ya gani kawai shi ne wayar Mama a kan cinyarta, wadda lambar Kaltungo ke ciki.

"Na abokin zamana ne, Mama."

Daga baya ya yi ta gaya wa kansa cewa don tsohon mai kwale-kwale ya yi. Da ya ce nasa ne, ai da an kawo kasko, da sai ya jefa siffar mahaifin Muttaka a wuta da hannunsa, ko ya ƙi a gaban kowa. Hujja ce mai kyau, sai dai ta makara, don lokacin da bakinsa ya furta maganar ko tuna tsohon bai yi ba. Tsoro ne tsagwaronsa. Ya saci kallon Kezia, wadda tata mai maganin ke kwance a kan jarida kusa da dodo. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin ɗankwalinta.

Mama ta sauke ajiyar zuciya ta ce ta gode wa Ubangiji. Tun da ba nasa ba ne, babu mai taɓa kayan wani, sai dai a yi addu'a a kan gidan. Ana shirin durƙusawa aka ji makulli a ƙofa. Muttaka ne da rigar aiki mai ƙyalli, an canza masa wurin tsayuwa ya biyo ya ɗauki cajar waya. Ya yi sallama, ya rusuna ya gaida Mama da ladabi, yana ba da haƙurin katse su. Sai idonsa ya sauka a kan tebur.

Mama ta kira shi ɗana, ta ce kada ya ji komai, tambaya ɗaya za ta yi masa. An ce waɗannan nasa ne, ko haka ne?

Muttaka ya dubi kayan, ya dubi fuskokin da suka zagaye shi, sannan ya dubi Absalom. Absalom kuwa ya ƙura wa littafin waƙoƙin hannunsa ido kamar yau ya fara ganin rubutu. Da ƙasa za ta tsage da ya shige, amma a hawa na uku yake. Muttaka ba mai jinkirin fahimta ba ne.

"Nawa ne, Mama. Ni na sassaƙa su da hannuna."

"To ɗana, ko a addininku ma ai ba a yarda da irin wannan ba."

"Haka ne, Mama. Allah ya shirye mu."

Ya durƙusa ya tattara su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya haɗa har da 'ya'yan lidon da ba nasa ba. Da ya zo kan mai magani ya ɗan dakata, bai dai ɗaga kai ya dubi Kezia ba, ya sa ta a kwali. Ya sake ba da haƙuri ya fita da kwalin a hammata, ya manta da cajar da ta kawo shi. Aka durƙusa aka yi addu'ar tsarkake gida, aka roƙa wa Muttaka kuɓuta daga ikon duhu, a kan dardumarsa. Absalom ya ce amin tare da kowa, muryarsa tana fita kamar ta wani.

Kafin ta tafi Mama ta ja shi gefe. Ta ce kada ya ɗauka don yaron Musulmi ne, babbar ƙawarta a asibiti Hajiya Raliya ce, tare suke cin abinci. Amma gidan da ake ajiye irin waɗannan abubuwa, ita ba za ta kai 'yar yayanta ko baƙunta ba. Ya raba zama da shi, ranar da ta ga an yi haka za ta kira Kaltungo. Ya ce to, ko da yake ya san a wannan watan ko ɗakin ajiye tsintsiya ba a samu a Doha.

Washegari ya sami Muttaka a kicin yana dafa shayi. Ya fara zuba hujjarsa ta kasko da wuta da tsohon mai kwale-kwale, yana yi yana jin yadda take faɗuwa ƙasa. Muttaka ya saurara har ƙarshe, ya zuba shayi kofi biyu kamar kullum, ya miƙa masa ɗaya. Ya ce khalas, ya wuce, aure ba abin wasa ba ne, kuma ya riga ya ji sharaɗin Mama, don Alex ya jiyo, ya gaya wa wani direba, direban ya gaya wa mutanen Yauri. Yanzu haka a unguwar Mu'aizar, inda 'yan Yaurin suke zama, ana cewa Muttaka yana sassaƙa gumaka a gidan Kirista, har wani dattijo ya kira shi ya yi masa nasiha. Duk da haka sun ce akwai katifa ɗaya a ɗakinsu, zai koma can, Absalom ya zauna abinsa.

Absalom ya so a zage shi. Da Muttaka ya ɗaga murya ko ya watsa masa shayin nan, da ya sami inda zai rataye kunyarsa. Amma sai ya busa shayinsa kawai ya ce, "Malam Absalom, da ka roƙe ni tun jiya da safe, wallahi da kaina zan ce nawa ne kafin a tambaya. Abin da ya ɗan taɓa ni, na shigo ne na tarar an riga an ba ni."

Kezia ta kira shi da rana tana kuka. Ba ta zarge shi ba, ta ce su biyu suka yi, ita ma bakinta yana nan lokacin. Ta ce su je su gaya wa Mama gaskiya, wasa ne, kuma su uku suke yi, in za ta yi faɗa ta yi. Ya ce haka za a yi, amma ta bari tukuna a kira Baba a Kaltungo, in magana ta zauna sai su faɗa cikin natsuwa. Ya ji numfashinta a waya, ya san ta gane cewa wannan tukunar ba ta da rana. Ta ce to, ta kashe.

Ranar da Muttaka zai tashi, Mama ta zo da kanta ta gani, Kezia na biye da ita. Ta ga ƙofar ɗakin a buɗe, an naɗe katifa, an sauke labule. Ta zauna a falo ta ce ɗan halak shi ke cika alkawari, ita ma za ta cika nata yanzu-yanzu. Ta danna lambar yayanta, ta buɗe murya don kowa ya ji, ta ajiye wayar a tebur.

Aka gaisa, aka tambayi gona da jikoki. Sannan Mama ta gyara zama ta fara. Ta ce ta daɗe tana lura da yaron nan, ta gwada shi ta kowace hanya. Ta ce jaraba ta shigo har cikin gidansa, ya kwana da ita ya tashi da ita, bai taɓa ta ba, da aka tambaye shi kuma bai ɓoye ba. Ta ce samarin yanzu masu ilimi suna da yawa, masu aiki suna da yawa, amma mai gaskiya irin wannan sai an tona. Kowace kalma tana sauka a kan Absalom kamar ruwan zafi. Kezia tana zaune dab da goggonta, idonta a kan yatsun ƙafarta.

Tsohon ya yi dariyar jin daɗi daga Kaltungo, ya ce a ba shi yaron. Mama ta tura wayar gaban Absalom. Daidai nan Muttaka ya fito daga ɗaki yana jan akwatinsa, tayoyin suna ƙara a kan tayil. Da ya ji muryar dattijo sai ya tsaya cak.

"Ɗana, na ji shaidarka," in ji tsohon. "Ni ba na neman dukiya. Mutumin da ba ya ƙarya, shi nake nema wa Kezia. Ka turo iyayenka."

Absalom ya ɗaga kai. Kalma uku kawai ake buƙata, "Nawa ne, Baba," kuma ga kowa a wurin, ga mai kira, ga wanda aka kira, ga wanda aka zalunta. Muttaka ya dube shi, ya ɗan girgiza kai alamar kada ya yi. Sannan ya sunkuya ya ɗaga akwatin nan mai nauyi ya rungume a ƙirji don kada ƙarar tayoyin ta dami maganar aure, ya bi gefen bango a kan yatsun ƙafa, ya buɗe ƙofa da gwiwar hannu.

"Ɗana, kana ji na?"

"Ina ji, Baba," in ji Absalom. "Na gode, Baba."